Jagorar Kamun Karfasa a Tafkunan Damagaram: Daga Fatsa Zuwa Kasko

Wanda bai san ƙasar Damagaram ba yakan ɗauka cewa maganar kamun kifi ba ta shafe mu ba, tun da babu kogin da ke gudana rani da damina a jihar Zinder, kuma ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai cika yin nisa da milimita 400 ba. Amma muna da tafkuna, wasu ba sa ƙafewa, wasu kuma sukan riƙe ruwa wata da watanni bayan ɗaukewar damina. Akwai tafkin Gidimuni da ke kimanin kilomita 70 gabas da birni a kan hanyar Gure, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, akwai na Lasuri da ya riga shi shiga wannan jeri tun 2005, akwai madatsar ruwan Kasama, ga kuma tafkunan da ke warwatse a kwarin Korama wajen Matamai da Magarya. A mafi yawan waɗannan ruwaye kifin da ya fi yawa shi ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, sai tarwaɗa da gaiwa. Wannan jagora ta fi karkata ga karfasa da ƴan'uwanta ƙanana waɗanda ke shiga kasko ɗungurungum, domin su ne mai fatsa ɗaya zai iya kamawa daga bakin ruwa ba tare da jirgi ba, kuma ra'ayina shi ne daɗin kifi ya fi dogara ga ruwan da ya fito da yadda aka riƙe shi bayan kamu, fiye da girmansa ko sunansa.

Mataki na farko: neman izini da sanin ruwan

Babu tafkin da ba shi da masu shi. Kusan kowane ruwa mai kifi yana ƙarƙashin kulawar sarkin ruwa ko ƙungiyar masunta ta garin, kuma ma'aikatan gandun daji su ne ke ba da takardar izinin kamun kifi a madadin hukuma. Tafkuna da dama ana zuba musu ƴaƴan kifi ne da gangan, sannan a rufe su na wasu watanni har kifin ya girma, don haka wanda ya jefa ƙugiya a lokacin da aka rufe ruwa ya ci haƙƙin mutanen da suka yi haƙuri suna jira. Idan ka isa gari, ka fara zuwa wurin dattijon masunta ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, baƙo ne ni, ina son in ɗan jefa fatsa ta cefanen gida, ko ruwa a buɗe yake?" Wannan tambaya kaɗai takan sa a nuna maka gefen da kifi ke taruwa, da gefen da laka ke haɗiye ƙafa, da inda ake shayar da dabbobi, kuma idan akwai kada a ruwan a nan za ka ji.

Tun dokar kamun kifi ta 1998 an haramta kama kifi da guba ko abin fashewa a Nijar, kuma ina ƙara jan kunne game da gidan sauro da wasu ke mayarwa taru. Idonsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, yana kwashe ƴaƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, ga maganin sauron da ke jikinsa wanda ba alheri ba ne ga halittun ruwa.

Akwai kuma maganar lafiyarka. Ruwan da ke kwance, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ƙwayar tana huda fata ne ta shiga jiki yayin da mutum ke tsaye cikin ruwa, ba sai ya sha ba. Saboda haka ka tsaya a kan tudu, ko ka sa dogon takalmin roba idan shiga ta zama dole, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan mu'amala da tafki ya tafi asibiti, domin maganinta sananne ne kuma yana aiki.

Mataki na biyu: haɗa fatsa

Kayan ba su da yawa. Ana bukatar sanda siririya mai lanƙwasa wadda ta kai mita 3 zuwa 4, gora ta fi dacewa idan an samu, sai zaren roba mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25, da ƙugiya, da ɗan gutsuren darma, da totuwar kara ko ɗan yankin tsohon silifa da za a ɗaura ya zama alama a saman ruwa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓen ƙugiya. Bakin karfasa ƙarami ne, don haka babbar ƙugiyar da ake kama tarwaɗa da ita ba za ta shiga ba, sai dai kifin ya yi ta tsattsage abincin har ya ƙare kana zaune. Ka nemi lamba 8 zuwa 12, kana tuna cewa a lissafin ƙugiya, yadda lamba ke hawa haka ƙugiyar ke ƙanƙancewa.

Tsawon zaren kada ya wuce tsawon sandar, domin ka iya ɗaga kifi zuwa hannunka da motsi ɗaya. A matse darmar kamar taƙi guda sama da ƙugiya, kuma nauyinta ya zama daidai wanda zai sa totuwar ta tsaya rabi a cikin ruwa rabi a waje. Idan darma ta yi nauyi alamar za ta nutse, idan ta yi sauƙi kuma alamar za ta kwanta iska ta yi ta yawo da ita, kuma a duka biyun ba za ka gane lokacin da kifi ya taɓa ba.

Tana ita ce abincin ƙugiya da ba ta ba da kunya, kuma ana samun ta cikin ƙasa mai danshi a bakin rijiyoyin lambu. A ajiye ta cikin gwangwani da ƙasarta, a inuwa. Kada a sa tana guda cur a ƙugiya. A yanki kamar gaɓar yatsa a zura har tsinin ya ɓuya. Gara da shinge suna aiki ƙwarai a farkon damina, haka ma ƙananan fara. Sai dai babbar karfasa ta fi rayuwa a kan gansakuka da tsirrai, shi ya sa sau da yawa takan ƙyale tana ta ɗauki ƙulli. Ana yin ƙullin da sauran tuwon hatsi da aka murza da garin ƙuli-ƙuli har ya yi danƙo, a mulmula shi kamar ƙwayar wake a manna a ƙugiya.

Mataki na uku: lokaci da wuri

Karfasa kifin ɗumi ce. Idan sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 cinta yana raguwa sosai, wannan ne ya sa fatsar asuba a watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busawa, takan zama zaman banza. A lokacin ɗari a jira rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa la'asar, a nemi gefen da ba shi da zurfi inda rana ta ɗumama. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin ya juya: daga fitowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Kaka ta fi kowane lokaci albarka, domin kifin ya ci ya ƙoshi cikin ciyawar da ruwan damina ya mamaye, ruwan kuma bai fara ja da baya ya yi kauri ba.

Wurin da za ka zauna shi ne bakin ciyayi, inda kacalla ko bado suka yi iyaka da sararin ruwa, ko kusa da itacen da ya faɗi cikin tafki, a zurfin da ya kama daga gwiwa zuwa ƙugu. Kafin ka jefa ƙugiya, ka kwaɓa dusa da ƴar laka, ka dunƙula biyu ko uku ka jefa a hankali daidai inda kake son kifin ya taru, sannan ka ba shi kamar minti goma sha biyar. Ka zauna ƙasa-ƙasa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka buga ƙafa, domin kifi yana jin girgizar ƙasa ta jikinsa. Masu iya magana da suka ce kifi na ganinka mai jar koma sun san abin da suke faɗa.

Idan ka lura a ruwa marar zurfi mai yashi, za ka ga wasu ramuka zagayayyu kamar an dasa akushi a ƙasa. Namijin karfasa ne ke haƙa su domin aure, macen kuma takan kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Duk wadda ta shigo hannunka ka ga bakinta cike da ƙwai ko ƴaƴa, ka mayar da ita ruwa nan take.

Mataki na huɗu: kamun kansa

Daidaita totuwar yadda ƙugiya za ta tsaya kamar taƙi ɗaya sama da ƙasan ruwa, ka sauke ta a hankali ba tare da fantsama ba. Karfasa ba ta fizgar abinci kamar tarwaɗa. Za ka ga alamar ta yi rawa sau biyu ko uku, wannan ɗanɗano ne kawai, kada ka motsa. Sa'ad da ta fara tafiya gefe a hankali, ko ta nutse gaba ɗaya, ko ta taso ta kwanta a kan ruwa saboda kifin ya ɗaga darmar, to lokacin ne za ka ɗaga sandar da wuyan hannu, ɗagawa gajeriya mai kaifi. Fizga da ƙarfin kafaɗa tana yaga leɓen kifin, wanda ba shi da kauri. Idan minti ashirin suka wuce babu taɓawa, ka sauya zurfi kafin ka sauya wuri, domin sau da yawa kifin yana nan, sama ko ƙasa da inda ƙugiyarka take.

Wajen cire kifi, ka shafo shi daga kai zuwa baya yadda ƙayoyin gadon bayansa za su kwanta a ƙarƙashin tafinka. Idan tarwaɗa ko kurungu ne ya zo, a yi hattara da ƙayoyin da ke gefen kai, musamman na kurungu waɗanda ke miƙewa su kafe, sukarsu tana da raɗaɗi kuma takan kumbura. Gaiwa tana cizo mai tsanani, kada a kai yatsa bakinta.

Game da girman da ya dace a riƙe, karfasar da ta kai tafin hannun babba ita ce ta kasko. A tafkin da ba shi da manyan kifaye masu cin ƴan'uwansu, karfasa takan hayayyafa fiye da abincin da ke akwai, sai ka ga duk sun tsumbure, suna ƙwai tun suna ƙanana. A irin wannan ruwa rage ƙananan ba ɓarna ba ce, yana ma ba sauran damar girma, amma wannan hukunci ne na masu kula da ruwan, a tambaye su.

Mataki na biyar: daga bakin ruwa zuwa gida

Nan ne ake rasa daɗin kifi, kuma nan ne ya kamata a fi mai da hankali. A zafin bazara kifin da ya mutu aka bar shi cikin leda yakan fara lalacewa cikin ƴan sa'o'i, tun daga cikinsa. Hanya mafi kyau ita ce a bar shi da rai cikin kwando mai murfi da aka nutsa a gefen ruwa har lokacin tashi. Idan za a tafi, a kashe shi da bugu ɗaya a ka, a yanka ƙarƙashin maƙogwaro jini ya tsiyaye, a farke ciki daga mafitsara zuwa sama da wuƙa marar zurfin shiga domin kada a fasa matsarmama, wadda ɗacinta ba ya wankuwa daga nama. A cire kayan ciki da jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunne. Daga nan a jera kifin cikin jiƙaƙƙen buhun algarara tare da ɗanyar ciyawa, a rataye inda iska ke bugawa, ko a sa ƙanƙara idan an taho da ita daga gari. Wanda zai hau babur daga Gidimuni zuwa Zinder da tsakar rana, ƙanƙara ta zame masa dole.

A gida a kankare ɓawon daga wutsiya zuwa kai, sannan a duba cikin kifin. Akwai wata baƙar fata siririya da ta lulluɓe bangon cikin karfasa, da kuma layin daskararren jini da ke manne da ƙashin baya. A goge su duka da ɗan yatsa da gishiri har cikin ya yi fari. Warin laka da mutane ke ƙorafi a kai yana fitowa ne daga wani sinadari da wasu nau'o'in gansakuka ke saki a ruwan da ya daɗe a kwance, kifin ya sha shi ya taru a kitsensa da ƙarƙashin fatarsa. Shi ya sa kifin ƙarshen rani, lokacin da tafki ya ja ya yi kore, ya fi na kaka wari. Tsami yana karya wannan sinadari, don haka a jiƙa kifin minti ashirin cikin ruwan lemun tsami ko na tsamiya da gishiri, a ɗauraye, a tsane shi sarai. Tarwaɗa kuwa, da yake tana shaƙar iska kuma tana jure wahala, ana iya ajiye ta da rai cikin ruwa mai tsabta kwana biyu ko uku ana sauya ruwan, warin zai ragu ƙwarai. Yauƙinta kuma toka ko ruwan zafi ke fitar da shi.

Mataki na shida: suya da gashi

A tsaga kowane gefe na kifin sau biyu ko uku har wuƙa ta taɓa ƙashi. A daka tafarnuwa da citta da masoro da ɗan tugande da gishiri, a cusa cikin tsagar da cikin ciki, a bari ya ɗauki rabin sa'a. Kada a cika kayan ƙamshi, domin naman karfasa mai sanyin ɗanɗano ne, kanumfari da yawa yakan danne shi. A zuba man gyaɗa a kasko yadda zai kai rabin kaurin kifin, a bari ya yi zafi har yankin albasa da aka jefa ya taso yana ƙara nan take. A sa kifi biyu ko uku kawai a lokaci guda, tun da cika kasko yana sanyaya mai, kifin ya sha shi ya yi laushi. Abu mafi muhimmanci shi ne kada a taɓa shi har minti huɗu ko biyar. Idan gefen ya soyu zai saki kaskon da kansa, idan kuma aka tilasta juya shi da wuri fatar za ta tsaya a ƙarfe. Juyi ɗaya ya isa. Alamar nuna ita ce naman ya yi fari har jikin ƙashi kuma yana rabuwa da shi cikin sauƙi, kuma kifin ruwan daɗi ba a cinsa da saura ɗanye saboda tsutsotsin da yake iya ɗauka.

Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba, sai a tsaga su kusa-kusa, a ɗan barbaɗa musu gari, a soya har su yi ƙaras, yadda ƙananan ƙayoyin za su tauno. Wadda ta kai rabin kilo kuwa gashi ya fi mata: garwashin da ya rufe da farar toka, ragar ƙarfe da aka shafa wa mai, a riƙa shafa mai da yaji ana juyawa a hankali. Ana ci da yajin ƙuli da ɗanyar albasa da tumatir, ko a ɗora kan shinkafa da wake, ko a haɗa da dambu ko kwaɗon zogala. Yara ƙanana a cire musu naman da hannu, a murza tsakanin yatsu kafin a ba su.

Wane kifi ya fi daɗi

Idan gashi ake magana, giwan ruwa ba shi da na biyu. Namansa fari ne, mai tauri daidai, yana ɓarewa fala-fala, ƙayarsa kaɗan ce kuma manya. Yana iya haura kilo 100 a manyan ruwaye, amma mai kilo 2 zuwa 5 ya fi daɗi, domin tsoho yakan yi kitse da gautsi. Ba a kowane tafki ake samunsa ba, kuma ba da fatsar da muka haɗa ake kama shi ba.

A suya, karfasar kaka daga ruwa mai yashi, wadda ta shiga mai a ranar da aka kama ta, ita nake sa wa gaba, har a kan giwan ruwan da ya kwana biyu a hanya. Fatarta tana yin ƙaras, namanta yana da ɗan zaƙi, kuma naman da ke kumatunta da bayan kai, wanda masu gaggawa ke zubarwa, ya fi ko'ina daɗi.

A romo, ragon ruwa da kurungu ne sarakai. Ragon ruwa ba shi da ɓawo, namansa mai laushi ne marar ƙananan ƙayoyi, kurungu kuma duk da ƙanƙantarsa da taurin kansa yana ba ruwan miya wani garɗi da babban kifi ba ya bayarwa. Yauni yana cikin kifayen da ake girmamawa saboda yawan tsokarsa, sai dai ba kasafai yake zuwa hannun mai fatsa a yankinmu ba. Tarwaɗa ɗanya tana da kitse da ƙarni da ba kowa ke so ba, amma hayaƙi yana gyara ta, shi ya sa bandarta, wadda aka daɗe ana kawowa daga yankin tafkin Cadi ta hanyar Difa, take riƙe da miyar kuka da ta kuɓewa a gidaje da yawa. Bargi yana da tsoka amma a bushe take, banda ta fi karɓarsa. Kawara da tsage suna da ɗanɗano mai kyau wanda yawan ƙaya ke ragewa. Gaiwa, wadda ke binne kanta cikin laka ta yi rani a can idan tafki ya ƙafe, tana da masoyanta, amma namanta mai laushi ne da ƙarfin wari, kuma ni a ƙarshen jeri nake ajiye ta. Talibambam, mai kumbura ciki idan an taɓa shi, yana da guba a jikinsa, a mayar da shi ruwa.

Wanda bai samu zuwa tafki ba, ya tashi sayen ɗanyen kifi a kasuwar Dole ko wurin masu kawowa da safe, ya ɗaga murfin kunnen ya duba: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa ba. Idon ya kasance a cike yana sheƙi, kuma idan an danna tsokar da yatsa ta dawo ba ta bar rami ba. Wajen banda kuma a karya ɗaya a shinshina, domin akwai masu yayyafa mata fiya-fiya don korar ƙwari. Wadda ke warin magani, ko wadda ƙuda ke gudunta alhali suna sauka kan ta kusa da ita, a bar ta ko da an sauke farashi. Wadda aka saya a jiƙa ta cikin ruwan zafi da gishiri, a wanke yashi da toka, a zubar da ruwan farko kafin ta shiga tukunya.